Layu Biyun Hassoumi

Hassoumi mijin yayata Saadatou ne, kuma tun ranar da aka ɗaura aurensu nake tsokanarsa, har ya bar duniya ban fasa ba. Ni sunana Nouhou. Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan babbar mota tsakanin Parakou da Djougou, in ɗauki siminti da gishiri a Gare, tashar jirgin ƙasa ta Parakou, in dawo da doya da dawa. Abin da zan faɗa a kansa ba a bakin kowa na ji ba. A gabana aka yi, kuma ina da hannu a ciki.

Gidansu gidan fawa ne a Zangon Djougou. Kakansa ya biyo shanu daga wajen Dosso ya zauna, ubansa da yayyensa duk ƙarti ne, mutum biyu a cikinsu ke kayar da bijimi. Shi kuwa ya fito siriri, maganarsa ƙasa-ƙasa, kai ka ce tsoron tada wani daga barci yake. Sau uku aka gwada shi a kwata, sau uku wuƙa na rawa a hannunsa da zarar bijimi ya yi nishi. Ubansa ya gaji ya ce, to tafi ka yanka wa mata kaji. Gori ya yi masa, amma Hassoumi ya ɗauka ya mai da shi sana'a. Ya kafa benci a gindin wani mangwaro a bakin kasuwa, da wuƙa ɗaya da buta da dutsen washi, ya yi shekara sha huɗu a wurin.

Hannunsa ne abin kallo. Zabon da ya yi wa mai shi kaca-kaca da farce, in ya shiga hannun Hassoumi sai ya lafe. Ba ya gaggawa. Zai ba tsuntsu ruwa tukuna, ya juya shi gabas, ya sunkuya har leɓensa ya kusa taɓa gashin wuyan, ya yi bisimilla a hankali, sannan ya yanka. Matan Zango ba sa yarda kowa ya yanka musu in yana nan. Ni ina ce masa Sarkin Fawan Kaji, shi kuma ya ce mini Direban Jaki, saboda motata ba ta hawa tudu sai an lallashe ta.

A kasuwar ne Likita Baƙo ya gan shi. Likitan dabbobi ne a Parakou, kuma abin da ya dame shi 'ya'yan zabi ne da ke mutuwa rututu kowace damina a ƙauyukan Djougou. Ya ce akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, suna zama cikin jinin tsuntsaye, sauro da ƙananan ƙudaje masu cizo ke ɗauko su daga wannan su kai wa wancan. Yana so ya san ko kurciya da hasbiya da makwarwa da zabin daji ne ke riƙe da su har su iso ga na gida. Don haka yana neman wanda zai kama tsuntsun daji, ya fitar da ɗigon jini ɗaya daga jijiyar fiffike, tsuntsun bai mutu don tsoro ba. Ma'aikatansa biyu sun gwada, fiye da rabin tsuntsayen suka mutu a hannunsu.

Hassoumi ya koya cikin kwana biyu. Zai kafa raga a bakin rafi da sassafe. In ta kama, ya soka allura, ya ɗiga jinin kan wani siririn gilashi mai tsawon yatsa, ya ja shi da gefen wani gilashin har ya baje, ya bari ya bushe, ya tsoma a wani ruwa mai warin barasa, ya jera a akwatin katako. Sai ya shafa wa tsuntsun shuɗin fenti a ƙafa, don kada a soke shi sau biyu, ya sake shi. Ni nake kai akwatin Parakou duk mako, in dawo masa da wanda babu kome. Abu ɗaya ne Likita ya kasa raba shi da shi: kafin ya soka allura sai ya juya tsuntsun gabas, ya sunkuya ya yi bisimilla. Likita ya ce ai ba yanka ba ne. Hassoumi ya ce shi hannunsa ba ya fitar da jini in ba haka ba.

Saadatou ba ta so aikin ba. Ta ce mutum mai iyali ba ya kwana a ƙauyen da bai san kowa ba saboda kurciya. Amma ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na watannin nan ba. Kwana uku a daji, huɗu a kasuwa, kuma in ya dawo bakinsa ba ya rufuwa. Ya taɓa ce mini, shekara sha huɗu duk abin da ya riƙe a hannu mutuwa yake yi, yanzu kuwa buɗe hannu yake ya ga ya tashi.

To, lokacin ba na wasa ba ne. Damina ce ta 1976, ba a cika shekara da canza sunan ƙasa daga Dahomey zuwa Benin ba, gwamnatin juyin juya hali ta ce kowa a kira shi kamarad, har wanda ka haifa. An sa yaƙi da maita da tsafi a gaba. Ana sare manyan itatuwa da aka ce mayu na taruwa a kai, ana tara layu da ƙahoni ana ƙonawa, kuma wanda aka nuna da yatsa sai ya amsa laifi a bainar jama'a, in ya ƙi a taimaka masa da bulala. Likita ya san haka. Shi ya sa ya buga masa takarda da tafireta, ya sa hannu, ya danna tambari, ya ce, "Wannan ka riƙe ta kamar ranka."

Da ma bai faɗi haka ba. Hassoumi ba ya karatun boko, amma ya san yadda ake ajiye takardar da ke tsare rai, kuma ya san abin da ruwan sama ke yi wa aljihu. Sai ya kai wa Usuman baduku ya ce a ɗinke ta a fata. Yana kuma da laya ɗaya tak a wuyansa, wadda mahaifiyarsa Tasalla ta sa aka yi masa yana jariri, bayan ta binne 'ya'ya uku a jere. Ita kaɗai ce abin da ta bar masa. Fatar ta tsufa ta fara yagewa, sai ya ce a sabunta ita ma. Usuman mutum ne mai son a yabi aikinsa. Ya yi su da jar fata ɗaya, girma ɗaya, ɗinki ɗaya, ya zura su a igiya guda, ta uwar a dama, ta Likita a hagu.

Da ya nuna mini na yi dariya har na riƙe ciki.

"Yaya, takardar gwamnati ka mai da laya? Wa zai karanta ta a haka?"

"In an tambaya sai a farke," in ji shi. "Mi ya fi wannan sauƙi?"

Na ci gaba da dariya na tada mota. Ni da nake wuce shinge shida kullum, ni ya kamata in ce masa ba haka ake yi ba, amma dariyar ta fi mini daɗi.

Wata Laraba cikin watan Agusta na shigo Djougou da hantsi, sai na hangi Saadatou a tasha, mayafi a karkace, takalmi ƙafa ɗaya nata, ɗaya na mijinta. Na san ba lafiya ba, don Yaya ba ta taɓa zuwa tasha ba.

"Sun kama shi tun jiya," ta ce. "A wani ƙauye gaba da Kolokondé. Wai maye ne, wai ya kama ɗiyar wani. Yau da la'asar za su ƙona kayansa su sa shi ya amsa, sannan mota ta zo ta tafi da shi."

"Takardarsa fa?"

"Sun cire masa duka biyun. Wani mai kawo doya daga can ya ce sun jefa su cikin tsibin da za a ƙona."

Wanda bai zauna cikinmu ba ba zai gane nauyin kalmar nan ba. Kurkuku ana fita. Amma in aka ce mutum maye ne, ya kuma amsa da bakinsa, ba mai sake cin abin da ya taɓa, ba mai auren 'ya'yansa. Hassoumi 'ya'ya mata huɗu gare shi, abincinsu kuma daga hannun da mutane suka yarda da shi yake fitowa. Na yi tunanin komawa Parakou in ɗauko Likita, amma da damina awa huɗu ne zuwa, huɗu dawowa, wayar tarho kuma tun tsawar ranar Lahadi ta mutu. Ban ko sauke simintin mutane ba, na juya kan mota arewa.

Hanyar ta ci mini rai. A shingen fita gari aka tsayar da ni, wani ya juya takarduna gaba da baya yana tambayar me siminti zai yi a Kolokondé, na ce makaranta za a gina, Allah ya yafe mini. Sau biyu tayar baya ta nutse a laka, na fita ni kaɗai ina cusa mata rassa da duwatsu, ina zagin motar, ina zagin Usuman baduku, ina zagin kaina. Duk sanda na ɗaga ido sai in ga rana ta ƙara yin yamma. Azahar ta wuce sosai sanda na isa.

A filin makaranta aka taru, kusa da kututturen wani rimi da aka sare bai daɗe ba. Mutane sun kai ɗari biyu, an bar fili a tsakiya. Ga tsibin kaya a kan busassun itace: ƙahoni, ƙore, 'yan tukwane, guraye, layu. Hassoumi na zaune a ƙasa, an ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar ragarsa, riga a yage, leɓe a kumbure. Kusa da shi wata tsohuwa ce da aka aske wa kai ƙwal, ta riga ta amsa nata tun safe, tana kallon ƙafafunta. A kan tebur an jera akwatin gilasai da allura da gwangwanin fenti.

Mai zaune bayan teburin na san shi. Iliassou ne, malamin makarantar, shi ne kuma shugaban kwamitin juyin juya hali na ƙauyen. Ubansa tela ne a Djougou, layinmu ɗaya a da, na san shi tun yana shan rubutu don kada ya faɗi jarrabawa. Yanzu ya sa kaki, ya bar gemu 'yan ƙwarori, ba ya amsa sallama sai an ce kamarad.

Uban yarinyar ne ke magana da Yom, harshen mutanen ƙauyen, wani na juyawa. Manomi ne, kuma ba maƙaryaci ba ne, abin da ya gani ya faɗa. Ya ce ya laɓe cikin dawa ya ga baƙon nan ya kama kurciya, ya juya ta wajen fitowar rana, ya raɗa mata magana a kunne, ya ɗebi jininta ya ɓoye a akwati, ya shafa mata shuɗi a ƙafa ya sake ta. Washegari ya ga kurciya mai shuɗiyar ƙafa a kan rumbunsa. 'Ya'yan zabinsa arba'in sun mutu cikin mako guda, yanzu kuma 'yarsa kwana uku jikinta kamar wuta, ba ta gane uwarta. Mafarauci yana kamawa ya ci, in ji shi, to wane ne ke kamawa ya yi magana ya saki? Wallahi da na ji abin a jere haka, ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi.

Na kutsa na shiga fili. Na ce, "Kamarad metir," don haka ake kiran malamin makaranta, "mutumin nan aikin gwamnati yake yi. Likitan dabbobi ya aiko shi daga Parakou. Ni nake kai akwatin nan duk mako."

Iliassou ya dube ni sama da ƙasa. "To kai ma kana ciki ke nan. Tsaya kusa, kamarad shofer mai mota, za mu zo kanka."

Na ce, "Yana da takarda mai tampo, tambarin gwamnati."

"Tun jiya yake faɗa mana. Muka ce ina take, ya nuna mana laya." Ya juya ya maimaita da Faransanci, 'yan kwamiti suka yi dariya. "Ka ga irin mutanen da muke fama da su? An ce takarda, ya ce gri-gri."

"A ciki take," in ji Hassoumi, muryarsa da ƙyar take fita. "Don Allah ku farke ku gani."

Ba wanda ya kula shi. Wani ya riga ya fara yayyafa kananzir a kan tsibin, warin ya cika wurin, ɗaya daga 'yan kwamitin kuma yana laluben ashana a aljihu. In wutar nan ta kama shi ke nan, babu takarda, sai kurciya da jini da yarinya a kwance.

A nan na lura da wani abu. Duk kayan da ke cikin tsibin da sanda ake tura su, ba mai taɓa su da hannu, kuma teburin Iliassou ya fi kowa nisa da su. Na tuna ƙoƙon rubutunsa. Sai na ɗaga murya yadda 'yan kwamitin za su ji.

"Kamarad, ba kai kake koya wa mutane cewa laya ƙarya ce ba? Fata ce da zare. To farke mana ita a gaban kowa, su gani da idonsu babu kome."

"Juyin juya hali ba shi da lokacin wasa."

"Ko dai le camarade a peur?"

Har yau ban san inda na samo bakin ce masa matsoraci ba. Na ga 'yan kwamitin sun bar kallona sun koma kallonsa. Da mu biyu ne kaɗai da ya sa an karya ni, amma a gaban mutum ɗari biyu ba shi da hanyar baya. Ya ce a fito da su.

Da doguwar sanda aka tono su, aka turo su gaban tebur. Ja, ɗinki ɗaya, girma ɗaya, an kuma zare su daga igiyar, babu ta dama babu ta hagu.

"Guda ɗaya zan buɗe," in ji Iliassou. "Nuna wadda ka ce takarda ce. In ba ita ba ce, ka amsa laifinka."

Hassoumi ya matso da gwiwoyi ya sunkuya a kansu. Ya daɗe. Na ga gumi na ɗiga daga hancinsa. Ya ɗago ya dube ni, ni ma na kasa bambance su, don Usuman ya iya aikinsa.

"A bar ni in taɓa," ya ce.

"Da ido za ka zaɓa."

Ya nuna ɗaya da haɓarsa.

Iliassou ya ɗauke ta da yatsu biyu, ya ciro reza. Ya yanke ɗinkin, ya ɓare fatar, ya warware zaren. Tsohuwar takarda ce ta fito, ta yi ruwan ƙasa, da rubutun Larabci da hatimi, a tsakiyarta kuma ɗan ƙullin gashi baƙi mai laushi. Gashin Hassoumi ne na ranar suna, amma wa zai tsaya ya ji? Uwar yarinyar ta kurma ihu ta ce na 'yarta ne. Mutane suka ja baya kamar an watsa musu ruwan zafi, sannan suka yo gaba. Iliassou ya cilla ta kan tsibin yana goge yatsunsa a wando, mai ashana ya ƙyasta.

Wuta ta tashi lokaci guda. Hassoumi ya ce, "Inna," da wata murya da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya yunƙura zai faɗa ciki aka danne shi.

Ɗaya layar tana nan a ƙasa, mai sanda ya fara tura ta wajen wutar. Na taka ta da ƙafa. Sandar ta sauka a ƙwaurina, ban ɗaga ba. Na sunkuya na ɗauka, na ciro wuƙar da nake yanka roba da ita, na farke ta a tsaye, ina jin numfashin mutane a bayan wuyana. Takardar ta sha gumin wata uku, gefenta ya yi baƙi, sa hannun Likita ya narke ya zama tabo. Amma rubutun tafireta yana nan, tambarin ma yana nan daram. Na ɗaga ta na juya kowa ya gani, sannan na miƙa wa Iliassou.

"Karanta, kamarad. Da ƙarfi."

Tsoron tambari ya fi masa na laya. Ya fara da murya ƙasa-ƙasa: sunan Hassoumi, aikinsa, ƙauyukan da aka ba shi izinin shiga, da umarnin cewa kowane kamarad ya taimaka masa. A ƙasa akwai kalmomin da ake rufe kowace takarda da su a zamanin. Da ya iso nan sai muryarsa ta tashi da kanta, don ya saba: "Prêts pour la révolution!" Wato a shirye muke don juyin juya hali. 'Yan kwamiti suka amsa baki ɗaya, "La lutte continue!" Wato gwagwarmaya na ci gaba. Sai da suka amsa sannan suka dubi juna.

Aka kwance shi. Iliassou ya tura masa akwatin, gilasai tara sun fashe, ya ce, "Ai da ka yi bayani tun farko." Na so in shaƙe shi, amma na haɗiye. Hassoumi bai ko ji ba, wutar yake kallo. Da muka juya za mu tafi ya tsaya ya nuna tsohuwar.

"Ita fa?"

"Ita tana da takarda?" in ji Iliassou.

Na ja hannunsa. A bakin mota na ciro ƙwayoyin kinin da ba na rabuwa da su, na ba wata mata mai jin Dendi, harshen da muke ciniki da shi a Djougou, na ce ta kai wa uwar yarinyar, zazzaɓin sauro ne, a ba ta safe da yamma. Ta karɓa da bakin zane.

Mun yi nisa a hanya. Rana ta kusa faɗuwa, hannunsa sai komawa wuyansa yake yana laluben abin da babu. Wajen gada ta biyu ya ciro goro daga aljihun wando, ɗaya tak, ya ɗan yanƙwane. Ya ɓare shi ya miƙo mini rabi, kamar yadda muka yi shekara sha biyar muna yi.

"Na gode, Nouhou," ya ce. Bai ce Direban Jaki ba.

Na karɓa. Na rantse ban yarda maye ba ne. Ni na san Likita, ni na kai akwatunan, ni na sha sanda saboda shi. Amma kurciyar nan tana kan rumbu a cikin kaina, ga gashin nan, kuma tun ina goye ake ce mini ba a cin abin hannun maye. Hannuna ya ƙi kaiwa baki. Na ce sai an jima, na riƙe. Da ya juya yana kallon gonaki sai na sake shi ta taga.

Yarinyar ta tashi bayan kwana biyu. Labari ya iso kasuwar Djougou a gajarce: an ƙona layar Hassoumi, yarinya ta warke. Ba wanda ya kawo zancen kinin, takardar ma sai aka ce ai irinsu har gwamnati suna rufe wa ido. Ya koma gindin mangwaro, ya wasa wuƙa, ya cika buta. Matan da suka yi shekara sha huɗu suna layi a gabansa suka riƙa gaishe shi daga nesa, kaza a hammata, su wuce wurin wani. Yana zuwa tun safe har la'asar, ko ɗan tsako bai yanka ba. Ranar da ya cika mako uku ya naɗe wuƙar a tsumma ya ba Saadatou, ya ce ta riƙa yanka albasa.

Suka taso Parakou, na samo musu ɗaki biyu a unguwarmu Banikanni, gida uku tsakaninmu. Likita Baƙo ya riƙe shi shekara bakwai, amma bai sake tura shi ƙauye shi kaɗai ba, takarda kuma a leda ake sa ta. Ya taɓa nuna masa jinin kurciya a madubin likita. Hassoumi ya dawo yana ba ni labari: ƙwayoyin jini a baje kamar ƙwan zabi a faifai, a cikin wasu kuma ga abin nan kwance, ya lanƙwashe a gefe. "Da gaske akwai shi," in ji shi. "Da ma mutanen nan sun gani." Na ce ai ko an kai musu ba za su leƙa ba. Da aikin ya ƙare ya yi gadin wani sito a Gare, yana kiwon tantabaru a bayan ɗaki. 'Ya'yansa uku sun yi aure yana da rai, ko ɗaya ba a Djougou ba. Zakaran salla ma a gidansa maƙwabci ke yankawa.

Shekarar da ya rasu ciwo ya kwantar da shi wata huɗu. Wata Juma'a bayan an sauko na je duba shi, na tarar an fito da shi inuwa a kan tabarma, tantabaru na yawo kusa da ƙafafunsa. Na ce Sarkin Fawan Kaji na zaune da talakawansa. Ya yi murmushi. Muka yi hirar taya da ta jikoki. Can ya ce, "Direban Jaki, goron nan da na ba ka kan hanyar Kolokondé."

Shekara sha uku ke nan. Na ce wane goro, alhali na sani.

"Har muka shiga Djougou ina duban bakinka," in ji shi. "Bai yi ja ba."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Ya ce, "Ban riƙe ka a rai ba. Kai ka taka laya da ƙafarka, na gani. Amma mako ukun nan na kasuwa ba su yi mini ciwo kamarsa ba."

Ya lalubi ƙarƙashin matashi ya ciro goro. Yatsunsa sun kasa ɓarewa, na miƙa hannu zan taimaka ya ce a'a. Ya yi ta fama har ya rabu biyu, sannan ya miƙo mini rabi. Na karɓa daga hannunsa na ci, yana kallon bakina.